Yadda Za Ka Sa Ƙirƙirarriyar Basira Aiki a Shago, a Ofis da a Gida

Duk wanda ya taɓa buƙatar takardar neman aiki ko ta ƙorafi a Sakkwato ya san yadda ake yi: a je shagon masu buga takardu da kwamfuta, a zauna a benci, a faɗa wa mai shago abin da ake so da Hausa, shi kuma ya juya shi zuwa Turanci, a biya shi ladansa a kama hanya. Wannan aiki, da wasu masu yawa irinsa, yanzu wayar da ke aljihunka tana iya yin su cikin minti ɗaya, ta hanyar manhajojin da ake kira ƙirƙirarriyar basira, waɗanda akasarin mutane suka fi sani da AI. Tun da kamfanin OpenAI na Amurka ya fito da ChatGPT a ranar 30 ga Nuwamba, 2022, irin waɗannan manhajoji suka yawaita: akwai Gemini na Google, da Copilot na Microsoft, da Claude na Anthropic, sannan ga Meta AI wanda ya shigo cikin WhatsApp ɗin mutanen Najeriya a shekarar 2024, har ma wasu suna ganin da'irarsa a wayarsu kullum ba su taɓa sanin amfaninta ba.

Kafin ka ba AI kowane aiki, ya kamata ka san irin ma'aikacin da ka ɗauka. Ka ɗauke shi kamar sabon yaron shago wanda ya yi karatu mai yawa, hannunsa yana da sauri, ba ya gajiya, ba ya ƙorafi idan an ce ya sake aiki sau biyar, amma bai taɓa taka ƙafarsa a Sakkwato ba, kuma yana da hali guda mai haɗari, wato da wuya ya ce bai sani ba. Dalilin haka yana cikin yadda aka gina shi. An ciyar da shi rubuce-rubuce masu ɗimbin yawa, daga nan ya koyi hasashen kalmar da ta fi dacewa ta biyo bayan wadda ta gabace ta, shi ya sa maganarsa take fitowa a tsare ko da abin da ke cikinta ba gaskiya ba ne. Saboda haka ka riƙa ba shi aikin da kai da kanka za ka iya dubawa ka gane ko ya yi daidai, ka kuma hana shi aikin da ba ka da hanyar tantancewa.

Shirin farko ba shi da wahala. Ka sauke manhajar daga Play Store ko App Store, ka duba sunan kamfanin da ke ƙarƙashinta kafin ka taɓa komai, domin akwai na jabu masu kwaikwayon suna da tambari waɗanda burinsu kawai su caje ka kuɗi. Kowace daga cikin manyan manhajojin tana da tsarin kyauta, kuma shi ya ishi yawancin ayyukan da za a ambata a nan. Hira ta rubutu ba ta cin data sosai; hoto da murya ne suka fi ci. Idan sabis yana yi maka gardama a unguwarku, ka fara rubuta tambayarka a manhajar ajiye rubutu ta waya, ka gyara ta a natse, sannan ka kwafe ta ka tura lokacin da sabis ya dawo.

Ka fara da jarraba shi a kan abin da ka riga ka sani. Idan ka tambaye shi shekarar da aka kafa Jihar Sakkwato, ko yaushe aka cire Kebbi da Zamfara daga cikinta, mai yiwuwa ya ba ka 1976 da 1991 da 1996 ba tare da kuskure ba, domin an rubuta waɗannan a wurare da yawa. Sai ka tambaye shi hanyar da za ka bi daga Mabera zuwa Runjin Sambo, ko ranar da wata kasuwar ƙauye take ci, ka ga yadda zai amsa da irin ƙarfin gwiwar da ya amsa ta farko. Wannan jarrabawa ta minti biyar za ta koya maka iyakarsa fiye da kowane gargaɗi.

Yadda ake ba shi umarni

Mafi yawan waɗanda suka ce sun gwada ba su ga amfaninsa ba, matsalar daga tambayarsu take. Mutum ya rubuta “rubuta mini wasiƙa” ya tura, sai ya sami wasiƙar da ba ta dace da kowa ba. Ai ko mai buga takardu ka faɗa wa haka, sai ya tambaye ka wa za a rubuta wa, kuma a kan me. Ka gaya masa ko kai wane ne, da wanda zai karanta, da ainihin bayanan da kake so su shiga, da tsawo da salon da kake buƙata. Ga misalin umarnin da malamin firamare zai iya rubutawa:

“Ni malamin makarantar firamare ne. Ina so ka rubuta mini wasiƙa da Turanci zuwa ga sakataren ilimi na ƙaramar hukumarmu, ina neman a mayar da ni makarantar da ke kusa da gida saboda jinyar mahaifiyata. Na yi shekara shida a inda nake yanzu. Wasiƙar ta kasance mai ladabi, kada ta wuce rabin shafi, kuma kada ka ƙara wani dalili da ban faɗa ba. Bayan ka gama, ka fassara mini ita da Hausa domin in duba.”

Jimloli biyu na ƙarshe su ne mafi muhimmanci. Idan ba ka hana shi ba, yana iya ƙara maka cancantar da ba ka da ita ko uzurin da ba ka yi ba, kai kuma ka sa hannu a kan abin da ba ka faɗa ba. Fassarar kuwa ita ce za ta ba wanda Turancinsa bai yi ƙarfi ba damar sanin abin da aka rubuta da sunansa. Idan amsar farko ba ta yi maka ba, kada ka buɗe sabuwar hira; ka ce masa ya rage tsawo, ko ya sassauta harshe, ko ya cire sakin layi na biyu, domin yana riƙe da abin da kuka tattauna a cikin hirar.

Game da harshe, gaskiyar magana ita ce ya fi ƙwarewa a Turanci nesa ba kusa ba, saboda rubutun Turanci ya fi yawa a abin da aka koyar da shi. Yana jin Hausa, yana kuma rubuta ta, amma wani lokaci za ka ji Hausar tana ɗauke da ƙashin Turanci, ko ya kawo kalmar da babu Bahaushen da ke faɗinta. Hausar da ya fi sabawa da ita kuma ita ce ta littafi da ta gidajen rediyo. Basakkwacen da ya rubuta masa “shina tahiya” ko “mi kaka so” yana iya samun amsa daidai, yana kuma iya samun shirme, saboda haka ya fi sauƙi ka yi masa daidaitacciyar Hausa, ka bar Sakkwatancinka don hira da mutane. Ka kuma sa allon rubutu na Hausa a wayarka, Gboard yana da shi, domin rashin haruffa masu ƙugiya yana rikita ma'ana: ƙasa daban, kasa daban, haka ɓata da bata.

A kasuwa

A nan ne, a ganina, amfaninsa ya fi fitowa fili, kuma a nan ne aka fi yin sakaci da shi. Ɗan kasuwa yakan san kuɗin saye da kuɗin sayarwa, amma ƙananan kuɗaɗen da ke tsakani su ne suke cinye riba ba a lura ba. A ce mai fataucin albasa ya sayi buhu 50 a garin Gada, kowane buhu a kan Naira 30,000, kuɗin mota Naira 2,500 a kowane buhu, dako da la'ada kuma Naira 500 a kowane buhu. Ya san daga gogewarsa cewa kafin kaya su isa hannun mai saye, kusan buhu ɗaya cikin goma yakan tafi a ruɓewa da ramewa. Sai ya rubuta waɗannan alƙaluma duka, ya ce a fitar masa da farashin da idan ya sayar ƙasa da shi ya faɗi. Amsar da ya kamata ta fito ita ce jimillar kuɗin da ya kashe Naira 1,650,000 ne, buhun da zai sayar 45 ne, don haka kowane buhu sai ya kai kimanin Naira 36,700 kafin uwar kuɗi ta dawo. Daga nan yana iya ci gaba da tambaya: idan kuɗin mota ya ƙaru da Naira 1,000 fa, ko idan ya ajiye kayan wata biyu asarar ta ninka, ina lissafin zai tsaya? Irin wannan juya lissafi ta fuskoki da yawa shi ne abin da mutum yake ƙyuyar yi da biro, shi kuwa ba ya ƙosawa.

Sharaɗi biyu ne a nan. Na farko, ka ce ya nuna maka lissafin mataki-mataki, sannan ka bi shi da kalkuleta, domin waɗannan manhajoji suna iya kuskuren ninkawa ko rabawa kamar yadda ɗalibi mai gaggawa yake yi. Na biyu, kada ka tambaye shi farashin albasa na yau a Kasuwar Kara ko a Illela. Wannan labari yana bakin dillalai da direbobi, kuma kiran waya ɗaya zuwa ga abokin cinikinka ya fi duk abin da zai ƙirƙiro maka.

Masu hulɗa da 'yan kasuwar Jamhuriyar Nijar ta iyakar Illela da Birnin Ƙonni ba su da matsalar magana, tunda Hausa ce a kowane ɓangare, amma takardu sukan zo da Faransanci. Ka ɗauki hoton takardar, ka tura, ka ce a fassara maka layi-layi, a kuma ware maka duk inda aka ambaci kuɗi, ko kwanan wata, ko wani sharaɗi. Google Translate, wanda ya fara ɗaukar Hausa tun shekarar 2013, shi ma yana karanta rubutu ta kyamara. Wannan ya isa ka fahimci inda takarda ta dosa. Idan kuwa yarjejeniya ce da za ka sa wa hannu, sai ka nemi mutum mai jin harshen ya sake duba ta.

Littafin bashi ma yana iya gyara maka shi. Idan rubutun hannunka yana karantuwa, ɗauki hoton shafin ka ce ya mayar da shi jadawali, ya tara abin da ake bin kowa. Sai dai ka rufe sunaye da lambobin wayar mutane kafin ka ɗauki hoton, ka sa musu lamba ɗaya, biyu, uku, domin sirrin wanda ya ci bashinka amana ce a hannunka.

A ofis da makaranta

Ma'aikacin gwamnati da aka ɗora wa rubuta bayanan taro yana iya tura guntayen abubuwan da ya rubuta a gurguje, ya ce a tsara su zuwa abin da aka tattauna, da abin da aka yanke, da wanda aka ɗora wa kowane aiki. Rahoto mai shafi talatin kuma ana iya taƙaita shi zuwa shafi ɗaya, amma ka ce ya nuna maka shafin da ya ɗauko kowane batu, ka koma ka gani da idonka. Takardar da aka buga wa hatimin sirri, da jadawalin albashi, da fayil ɗin ma'aikaci, ba a tura su. Najeriya tana da dokar kare bayanan jama'a tun shekarar 2023, kuma abin da ka tura yana zuwa ne kwamfutocin kamfani a wata ƙasa.

Malamin makaranta zai fi kowa jin sauƙi. Yana iya neman tsarin darasi na minti arba'in a kan kasafi ga 'yan aji huɗu, ya ce a yi misalai da mudun gero da kuɗin kabu-kabu maimakon abubuwan da yara ba su taɓa gani ba, ya kuma nemi tambayoyi ashirin masu hawa daga sauƙi zuwa wuya tare da amsoshinsu. Ya faɗa masa gaskiyar ajinsa, cewa yara saba'in ne, allo da alli kawai ake da su, domin idan bai faɗa ba za a tsara masa darasin da yake buƙatar majigi da kwamfuta.

Ɗalibi kuwa, ko na Jami'ar Usmanu Danfodiyo ne, ko na Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari, ko mai shirin JAMB da WAEC, yana da hanya biyu a gabansa. Yana iya cewa a rubuta masa aikin gida ya miƙa, ya isa ɗakin jarrabawa kansa wayam. Yana kuma iya mayar da shi malamin bita: ya ce a yi masa bayanin darasi da sauƙaƙan kalmomi, sannan a yi masa tambayoyi ɗaya bayan ɗaya, kada a ba shi amsa sai ya gwada, a kuma nuna masa inda ya kauce. Masu rubuta kundin kammala karatu su yi hattara da abu guda: yana iya ƙirƙiro sunan littafi, da marubuci, da shekarar bugu, duk su yi kama da gaske alhali babu su a duniya. Wannan ba zato ba ne. A shekarar 2023 wata kotu a birnin New York ta ci wasu lauyoyi tarar Dala 5,000 saboda sun gabatar mata da hukunce-hukuncen shari'a da ChatGPT ya ƙirƙira, ba su bincika ba. Duk madogarar da ya ba ka, sai ka gan ta a ɗakin karatu ko a shafin mujallar kafin ta shiga kundinka.

A gida da gona

Uwargida mai sana'ar cikin gida, ko ɗinki ne, ko turaren wuta, ko cincin da dubulan na biki, tana iya lissafa masa abin da ta kashe a fulawa da mai da suga da gawayi da leda, ta ce a raba mata a kan yawan abin da ta samu, sannan ta tuna masa ya sa ladan wahalarta, wanda mata da yawa suke mantawa da shi a lissafi. Tana iya neman gajeren tallan da za ta ɗora a WhatsApp, ta karanta shi da ƙarfi, duk kalmar da ta ji ba irin maganarta ba ce ta canza ta. Maigida kuma yana iya tsara kasafin wata, ko na azumi da Sallah, ya ga inda kuɗi suke zurarewa.

A harkar lafiya, amfaninsa shi ne fassara maka maganar likita. Idan an ba ka sakamakon gwaji cike da kalmomin da ba ka gane ba, ka rufe sunanka ka tura, ka ce a yi maka bayanin ma'anar kowace kalma, a kuma rubuta maka tambayoyin da ya kamata ka yi wa likita idan ka koma. Kada ka nemi ya rubuta maka magani ko ya ƙayyade maka adadin da za a ba yaro. A lokacin bazara, sa'ad da zafin Sakkwato yake haura digiri 40 kuma sanƙarau yake yawo, zazzaɓi mai zafi da sanƙarewar wuya abin gaggawa ne, asibiti ake nufa kai tsaye ba a tsaya tambayar waya ba.

Manomin fadama a Wurno ko Goronyo yana iya ɗaukar hoton ganyen da ya canza launi ya tura, a lissafa masa cututtukan da ke kawo irin wannan alama. Ya ɗauki amsar a matsayin zato, ya kai ganyen ga malamin gona kafin ya sayi maganin feshi. Batun saukar damina kuwa, hasashen da hukumar kula da yanayi ta ƙasa, NiMet, take fitarwa a farkon kowace shekara shi ne abin dubawa.

Inda ba a sa shi

A garin da aka saba tambayar mai magana daga wane malami ya ji, ba sai an tsawaita gargaɗi a kan fatawa ba, amma ana ganin matasa suna yi. Yana iya kawo hadisi da lafazin da babu shi, ko ya jingina magana ga malamin da bai faɗe ta ba, ko ya gauraya hukuncin mazhabobi ba tare da ya bambance na Malikiyya da ake bi a nan ba. Rabon gado, da saki, da lissafin zakka, a kai su gaban malamai da alƙalai, ko Hukumar Zakka da Waƙafi ta jiha. Ganin wata kuma sanarwar Fadar Sarkin Musulmi ake jira.

Lambar BVN, da NIN, da lambar sirri ta katin banki, da lambar da banki yake turowa ta saƙo, ba sa shiga cikin hira da shi ko da wasa. Ka kuma shiga saitin manhajar ka duba ko akwai wurin hana amfani da hirarka wajen horar da ita, ka hana idan ba ka so.

Akwai kuma ɓangaren da ya shafe ka ko da ba ka taɓa buɗe ɗaya daga cikin manhajojin nan ba, domin 'yan damfara ma sun koyi aiki da su. Yanzu ana iya kwaikwayon muryar mutum daga ɗan guntun sautinsa, ana kuma iya haɗa bidiyon wani sananne yana tallata jarin da bai san da shi ba. Idan ka ga irin wannan bidiyo, ka duba ko motsin leɓe ya dace da maganar, ka kuma nemi labarin a kafar da ka amince da ita kafin ka tura wa kowa. Idan kuwa saƙon murya ne ya zo da muryar ɗanka ko ƙaninka yana neman a tura kuɗi cikin gaggawa zuwa wani asusu da ba ka sani ba, ka ajiye saƙon, ka kira shi a lambar da ka saba kiransa. In ba ta shiga ba, ka tambayi mai saƙon abin da ɗan gida kaɗai zai iya amsawa, kamar sunan da kakarku take kiransa da shi.